Helix ta ƙi fitowa a madubina

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da madubin hangen nesa mai faɗin milimita 150. Ina neman gajimaren gas guda biyu da ke can cikin taurari, M57 da Helix. Na ga M57 ba wata wahala, amma Helix ta gagare ni, alhali manhajar wayata ta nuna ta fi M57 haske. Ko madubin ne ya lalace?
Mai karatu daga Kawo, Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Madubinka lafiyarsa ƙalau. Manhajar jimillar hasken take ba ka. M57 'yar mitsitsiya ce, haskenta a dunƙule yake. Ita kuwa Helix faɗinta ya kusa rabin cikakken wata, sai hasken ya baje, kamar cokalin sukari ɗaya a randa. Dukansu iskar gas ce da tauraro irin ranarmu ya furzar a ƙarshen rayuwarsa, ƙwayarsa mai tsananin zafi da ta rage a tsakiya ke haska ta. Nisan Helix kimanin shekarun haske 650 ne, wato haskenta sai ya yi tafiyar shekara 650 kafin ya iso mu.

Babbar matsalarka Kawo ce, don a arewacin garin Kaduna take. Helix a kudu take, wato ta saman fitilun garin nan kaf kake leƙenta. In kana da ɗan'uwa a gefen kudancin gari, ka kafa madubin a tsakar gidansa. Ka bari sai ƙarshen damina, cikin Oktoba, ruwa ya wanke sama, hazon hunturu bai sauko ba, kuma daren da babu farin wata. Wajen ƙarfe tara na dare Helix take kaiwa ƙololuwa, kusan digiri 58 daga ƙasa.

Fara da tauraro mai haske Fomalhaut, ka matsa kimanin digiri 10 arewa maso yamma, wato faɗin dunƙulen hannu in ka miƙe shi. Sa gilashin leƙawa na madubin (eyepiece) na milimita 25: in nisan tattara hasken madubinka (focal length) milimita 750 ne, 750 a raba da 25, girma sau 30 ke nan. Nan mutane ke kuskure, su ƙara girma don abu ya ƙi fitowa, sai ya ƙara dusashewa. Matatar OIII, mai barin koren hasken oksijin kaɗai ya wuce, tana taimakawa sosai.

Ka zauna cikin duhu minti 20 zuwa 30, ka ajiye wayar nan, tocila kuma a rufe ta da jar leda. Kada ka zura mata ido kai tsaye, dubi gefenta kaɗan, don gefen ido ya fi kama raunin haske. Ɗan taɓa madubin ya motsa. Abin da za ka gani toka-toka ne, zagaye, tsakiyarsa ta ɗan fi duhu. Launukan nan na hotunan intanet aikin kyamara ne da ta daɗe tana tara haske.