Tambaya da Amsa: Saƙa Rigar Sanyi Mai Ado da Kwarashi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Gwammaja, na iya saƙa hular jarirai da safa da kwarashi. Bana ina so in saƙa wa kaina rigar sanyi mai buɗaɗɗen gaba, irin wadda ake harhaɗa ƙananan falle masu kusurwa huɗu launi-launi. Na gwada guda shida, amma wani ya fi wani girma, wasu kuma sun lanƙwashe kamar ƙoƙo. Ina kuskuren yake? Kuma zare nawa zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Hannun da ya saƙa safar jariri ya riga ya yi abin da ya fi wannan wuya. Abin da ya rage miki awo ne, domin rigar nan gaba ɗayanta a kan falle na farko take tsayawa. Kada ki sayi zare mai yawa sai kin saƙa falle ɗaya, kin wanke shi, ya bushe, kin ɗora masa tef.

Ki nemi zaren ulu na roba mai matsakaicin kauri da kwarashi mai lamba 4 ko 4.5, wato milimita. Wajen masu kayan saƙa a kasuwar Sabon Gari za ki fi cin karo da siririn zaren da ake yi wa jarirai kaya. Yana yi, amma sai kin ruɓanya shi biyu, in ba haka ba rigar za ta fito kamar raga, iskar asuba ta Janairu ta ratsa ta.

Ga yadda fallen yake tafiya. Ki yi sarƙa 4 ki haɗe ta zama zobe. Ki yi sarƙa 3, sannan doguwar saƙa 2 a cikin zoben. Doguwar saƙa ita ce ki naɗa zare sau ɗaya a kwarashi, ki soka, ki jawo, ki zare madauki biyu, ki sake zare biyun da suka rage. Sarƙa ukun nan ana ƙirga ta a matsayin doguwa ɗaya, kin ga kin sami gungu mai uku. Ki yi sarƙa 2, ki sake gungu, har su cika huɗu, ki yi sarƙa 2 ta ƙarshe, ki rufe zagayen. Daga zagaye na biyu, kowace kusurwa tana ɗaukar gungu, sarƙa 2, da wani gungun, duk a rami ɗaya. A gefe kuwa gungu ɗaya ne a kowane rami, da sarƙa 1 tsakani. Zagaye biyar yakan ba da kusan inci 5.

Ƙoƙon da kika gani daga matsi yake. Ko kina jan zaren da ƙarfi, ko kwarashin ya yi wa zaren ƙanƙanta, ko kuma kin yi sarƙa ɗaya a kusurwa maimakon biyu, sai zagayen waje ya rasa tsawon da zai kwanta da shi. Ki ƙara girman kwarashi da rabin lamba ki sake gwadawa. In kuma bakin fallen yana tattarewa kamar ganyen latas, saƙar ta yi yawa ko hannu ya yi sako-sako, sai ki rage. Akwai aibi na uku da ba ki ambata ba amma za ki gamu da shi: tsakiyar fallen ta riƙa karkacewa gefe guda. Maganinsa ki juya aikin bayan kowane zagaye, wannan ta fuska, na gaba ta baya.

Bambancin girma kuwa sau da yawa daga zaren ne. Launi biyu na iya zama iri ɗaya a ido, amma ɗaya ya fi kauri. Ki yanki kwali inci 5 kowane gefe, duk fallen da kika gama ki ɗora a kai. Wanda ya gaza ko ya zarce da rabin inci, ki warware zagayensa na ƙarshe tun a lokacin. Rabin inci ba ya cika ido, amma falle tara ne suke zagaye jikinki, kin ga ya zama inci huɗu da rabi, rigar ta ƙi rufuwa ko ta zame daga kafaɗa.

Ga mai ƙirji inci 40 zuwa 44, lissafin shi ne: baya falle 25, biyar a faɗi biyar a tsawo. Gaba ɓari biyu, kowane 10, biyu a faɗi biyar a tsawo. Kowane hannu 9, uku-uku, a naɗe shi ya zama bututu. Jimilla 63. Wajen haɗa kafaɗa, falle biyu na dama da biyu na hagu ne suke haɗuwa da gaba, na tsakiyar baya a bar shi, shi ne wuya. A gefe ki bar falle ɗaya da rabi daga sama ba ɗinki, nan hannu zai zauna.

Zaren kuwa, ki kai fallenki wajen mai ƙaramin sikeli a auna. In ya yi giram 10, 63 sun ci 630, ki ƙara kamar 150 na haɗi da baki da wuyan hannu, ki sayi 800. A ƙananan dunƙule masu giram 40, ashirin ke nan. Launin da zai fi yawa ki saye shi rana ɗaya a shago ɗaya, don rinin da aka yi daban-daban yakan ɗan saɓa, kuma sai a hasken rana yake tona kansa.

A ganina launi uku sun isa, huɗu iyaka. Abin da yake haɗa kan adon shi ne zagayen ƙarshe na kowane falle ya zama launi guda, da shi kuma za ki yi haɗi. Shuɗi mai duhu irin na karofin Ƙofar Mata yana ɗaukar ruwan ƙwai da ja da kyau. Fari kam ki bar shi a tsakiya, ƙurar hunturu ba ta raga masa. Kafin ki ɗinka komai, ki shimfiɗa duka a kan tabarma ki jera, ki ja baya ki duba. Ki yi haɗin ta ciki da basilla, ba ja da ƙarfi. Wutsiyar zare kuma kada ki ƙulla ki yanke gindi, wanki biyu za ta kwance. Ki bar inci 4, ki cusa ta cikin saƙar gaba da baya.

Kaushin hannu na lokacin hunturu yana kama zaren roba ya tsattsage shi, don haka ki shafa man kaɗanya ki bari ya shige kafin ki ɗauki aiki. Dutsen guga kada ya taɓa rigar, zaren narkewa yake yi, haka ma zama dab da kaskon gawayi. Ki wanke da ruwan sanyi, ki matse cikin tawul ba murɗawa, ki shanya a kwance a inuwa, domin nauyin ruwa a kan igiya yana ja mata tsawo ba ta komawa. Falle biyu a rana, wata guda ke nan, sai mako ɗaya na haɗi. In kin fara a ƙarshen Oktoba, za ki sa ta a sanyin Disamba, in sha Allahu.