Amsa ga ɗalibar da ke shirin zuwa Ingila: kuɗin kulawar sauya jinsi a asibitin kuɗi

Ƙanwata, kin ce kin samu gurbin digiri na biyu a Ingila, shekarunki sun haura 18, kina tambaya ko kuɗin lafiyar da ake biya tare da biza zai wadatar wajen fara shan homon, wato maganin sauya jinsi daga namiji zuwa mace. A takarda e, a aikace a'a. Ɗalibi na biyan fam 776 a shekara, wannan ya ba ki damar zuwa asibitocin NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnatin Birtaniya, amma layin asibitocin jinsi na gwamnati shekaru yake ɗauka. Karatun shekara ɗaya zai ƙare ba a kira ki ba.

Duk da haka, a makon farko ki yi rajista da likitan unguwa, wanda ake kira GP. Kyauta ne. Ki roƙe shi ya tura sunanki layin, domin daga ranar turawa ake ƙirga jira.

Hanyar asibitin kuɗi likita biyu ce. Likitan ƙwaƙwalwa ya tantance ki ya rubuta rahoto, sannan likitan homon ya duba jininki ya rubuta magani. Kowace ganawar farko galibi tana cin fam 250 zuwa 500, ban da komawa bita.

Inda lissafi ke rushewa shi ne yarjejeniyar da GP ke karɓar rubuta magani da gwajin jini bisa umarnin likitan kuɗi. Doka ba ta tilasta masa ba, da yawa kuma suna ƙi. In ya yarda, fam 9.90 kawai za ki biya kan kowane magani a Ingila, a Sikotilan da Wales kuwa kyauta. In ya ƙi, komai ya koma aljihunki, kuma allurar danne testosteron, wato homon ɗin maza, ta wata uku kaɗai ta haura fam 200. Saboda haka ki tambayi GP tun kafin ki biya asibitin kuɗi sisi, ki kuma tabbata asibitin na da rajista da CQC, hukumar da ke sa ido kan asibitoci a Ingila.

Gwajin jini kusan duk wata uku ne a shekarar farko: yawan estradiol (homon ɗin mata) da testosteron, da lafiyar hanta. Masu sayen ƙwayar homon a intanet nan suke tsallakewa, kuma haɗarin daskarewar jini a jijiya gaskiya ne, musamman ga mai shan taba. Na shafawa ko na liƙawa a fata ya fi ƙwaya sauƙin wannan haɗarin. Maganin homon na rage haihuwa, wani lokaci har abada, don haka in kina son 'ya'ya a adana maniyyi kafin a fara.

Likita ba zai gaya wa iyayenki komai ba sai da izininki. Amma fasfonki na Najeriya ba zai canza ba, kuma kin san dokar gida da halin unguwa. Ki tsara inda za ki riƙa samun magani da gwaji idan biza ta ƙare.