Yaushe Motar Za Ta Kamo Keken?

Tambaya: Malam, Keke Napep na gudun mita 10 a sakan, ya wuce motar da ke tsaye a titin Ahmadu Bello. Nan take motar ta tashi, kowane sakan gudunta na ƙaruwa da mita 2 a sakan. Yaushe za ta cim masa? Ɗalibar SS2, Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: 'Yata, kada ki daidaita gudunsu, nan ɗalibaina ke yawan faɗuwa, abin na damuna. A sakan 5 gudunsu ya zo ɗaya, amma keken na gaba da mita 25. Nisan da kowa ya ci za ki daidaita: idan t shi ne adadin sakan da suka wuce, keke ya ci mita 10t, mota kuma ½×2×t² (rabin ƙaruwar gudunta sau t²). Wato t² = 10t, sakan 10 ke nan, bayan mita 100. A lokacin motar na gudun mita 20 a sakan, ninkin na keken, tunda daga tsaye ta tashi.