Me Ya Sa Launin Fosta Ke Dushewa a Takarda?

Tambaya: Malam, na zana fosta a kwamfuta, shuɗin ya fito tas, amma da aka buga sai ya dushe. Me ya jawo? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, wato RGB (ja, kore da shuɗi). Injin bugawa kuwa tawada huɗu gare shi, CMYK (C shuɗi mai haske, M ja mai ɗan shunayya, Y rawaya, K baƙi), kuma tawada ba ta kai ƙyallin haske, musamman a shuɗi da kore. Tun farko ki saita aikin a CMYK, hotuna su kai 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci. Ki sa zanen ya wuce layin yanka da milimita 3 a kowane gefe, don wuƙar yanka kan goce. Ƙananan rubutu ki sa baƙi zalla, K 100, in ba haka ba sai su yi inuwa. Kafin a buga dubu, a buga miki ɗaya ki duba.