Kocin masu tsaron raga a hokin ƙanƙara: aikin yana da gaba?

Malam, ka tambaya ko mai horar da gola a jami'a yana iya kaiwa wani matsayi. Ƙwarai kuwa. Dubi Mitch Korn na Amurka. A Jami'ar Miami ta jihar Ohio ya kama aiki a 1981, yana tsaye kan ƙanƙara da sanyin safiya, yana gyara wa yara yadda za su durƙusa su toshe ƙasan raga kafin ɗan faifan robar da ake bugawa a madadin ƙwallo ya wuce. A 1991 ƙungiyar Buffalo Sabres ta NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, ta ɗauke shi, ya yi aiki da shahararren gola Dominik Hašek. Daga baya ya ci Kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, da ƙungiyar Washington Capitals a 2018. Ni abin da ya fi burge ni shi ne haƙurinsa: shekara goma kafin babbar gasar NHL ta waiwaye shi.