Amsar Kawu a kan iskar tayar gaban keke

Ɗana, saƙonka ya iso, Allah ya yi maka albarka. Ka ce tun da ka karɓi keken nan mai ƙafa uku haya, manyan tasharku a Bakin Dogo suke gaya maka cewa al'adar sana'a ita ce a ɗura wa tayar gaba iska har ta yi tauri daidai da na baya, a ƙwanƙwasa ta da sifana a ji ƙararta, kuma wai duk wanda ya tsaya neman geji na auna iska bai san aiki ba. Kana so ka ji ko abin bi ne.

Duba taya kowace safiya kafin a fita al'ada ce mai kyau, ka riƙe ta. Awo da kunne kuwa, da daidaita gaba da baya, wannan ka bar musu.

Al'adar ma ba wata daɗaɗɗiya ba ce. A 2001 gwamnatin Obasanjo ta kafa shirin NAPEP na yaƙi da talauci, wanda ake kiran keken da sunansa, kuma keke bai cika titunan Kaduna ba sai bayan da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a cikin gari a 2014. 'Yan acaɓa da yawa suka koma keke, suka taho da ɗabi'unsu na danna taya da babban yatsa. A ganina daga nan abin ya samo asali. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 sai ya ƙara ƙarfi, don taya mai tauri tana gudu sakayau, tana ɗan rage shan mai. Wannan gaskiya ne, sai dai ragin bai taka kara ya karya ba.

Ka ɗaga kujerar baya ko ka buɗe murfin bayan kekenka, za ka ga injin a can yake. Fasinja uku ma a can suke zama, ga buhun da aka cusa a bayansu. Tayoyin baya biyu su ke ɗauke da mafi yawan nauyi. Ta gaba kai direba take ɗauka, amma ita kaɗai ke juya keken, ba ta da abokiyar taimako. Shi ya sa kamfani ba ya ba su iska ɗaya. A irin Bajaj RE da TVS King masu taya lamba 4.00-8, awon da aka saba bayarwa shi ne 30 a gaba, 34 a baya, a ma'aunin psi da ke jikin geji. Ka roƙi mai keken ya nuna maka littafin da ya zo da shi, abin da ke ciki shi ne hujjarka. Lambar da ke rubuce a gefen taya kuwa iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba a ce kullum a kai ta can ba. Masu faci da yawa ita suke karantawa su cika.

In iska ta yi yawa, tayar sai ta kumbura ta tsaya a kan tsakiyarta, abin da ke taɓa kwalta ya ragu. Kan keken ya yi sauƙi a hannu, kai kana jin daɗi, alhali riƙon ƙasa ne ya tafi. Ranar da za ka gane ita ce ranar ruwan Agusta, ka zo kwana a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ko yashin da ruwa ya tara a gefen titi, ka karya kai, keken ya ƙi bin ka ya miƙe. Babur ana kwantar da shi a kwana, keke ba ya kwantawa, in ya ƙi sai kifewa. Ga tsalle a cikin ramukan unguwa irin na lungunan Rigasa, kowane duka yana hawa kai tsaye zuwa shokazoba da boris ɗin wuya da kafaɗunka. In kana son shaida, ka zaga tasharku ka shafa tayoyin gaba da tafin hannu. Za ka iske tsakiya ta suɗe sumul, gefe da gefe zane na nan da sauransa. Tayar da ba a ci rabinta ba ke nan za a jefar.

Ƙarancin iska ma ba alheri ba ne. Kai ya yi nauyi, gefen tayar yana lanƙwasa yana ɗaukar zafi, gefuna biyu su cinye. Ka daki bakin rami, rim ya ciji tiyub, mai faci ya tsoma shi a ruwa ka ga huji biyu gab da juna suna fitar da kumfa. Wannan ba ƙusa ba ce.

Lokacin awo shi ne da safe, taya na da sanyi. In ka yi ta jigila tsakanin Kawo da Kasuwar Gumi har azahar, geji zai nuna maka ƙari, kada ka sace iskar, zafi ne, da ta huce za ta koma. Kusan duk digiri biyar zuwa shida na canjin yanayi yana motsa awon da lamba ɗaya, saboda haka abin da ka sa da zafin Afrilu ba shi za ka tarar da asubahin hunturu ba. Na baya biyu kuma su zama daidai da juna, in ba haka ba keken zai riƙa ja gefe, ka ɗora wa ta gaba laifin da ba nata ba.

Na san hujjarsu ta ƙarshe: ai ana ɗaukar fasinja a gaba kusa da direba, dole a ƙara iska. Ƙarin iska ba ya sakar maka gwiwar hannun da mutum ya danne lokacin da kake son kaucewa. Ni dai ban yarda da wannan lodin ba, ko da balas, kuɗin da kake kai wa mai keke, ya matsa.

Kada ka je tasha kana musu da mutanen da suka girme ka, ba tarbiyyar gidanmu ba ce, kuma ranar da kekenka ya mutu a hanya su za su tsaya maka. Ka sayi ƙaramin geji naka wajen masu kayan gyara, ka ajiye a aljihu, don na bakin titi ya sha faɗuwa ƙasa. In ka je wurin mai faci ka gaishe shi, ka ce, "Malam, a sa min 30 a gaba." Ya gama, ka koma gefe ka auna da naka. Ka ɗan shafa yawu a bakin bawul, in ya yi kumfa yana sace iska, a ɗaure shi ko a canza, sannan ka mayar da murfinsa saboda ƙura.

Ranar Juma'a in an sauko ka biyo da keken gida in ga tayar da idona. Ka gaida babarka.