Waƙar "Auld Lang Syne": daga ina ta fito, kuma me take nufi?

Malam, ka ce kana jin waƙar nan duk daren sabuwar shekara, kana son sanin mai ita da kuma abin da take cewa.

Ka fara cire wa ranka cewa Turancin Ingila ne. Harshen Scots ne na ƙasar Sikotilan, ɗan'uwan Ingilishi, kuma daban yake da Gaelic, wani harshen na Sikotilan da mutane ke yawan ɗauka shi ne Scots. Sunan nata yana nufin "tun zamanin da", wato kwanakin da suka shuɗe.

Ana jingina ta ga mawaƙi Robert Burns, wanda ya rubuta ta a 1788. Sai dai shi da bakinsa ya ce a wurin wani tsoho ya ji ta. Akwai ma makamanciyarta da aka buga tun 1711, don haka gyara ya yi, ya ƙara baitoci. Ba a buga tasa ba sai 1796, bayan rasuwarsa, karin waƙar da muka sani yau kuwa a 1799 George Thomson, mai tattara waƙoƙi yana buga su, ya ɗora mata.

Maganar tsofaffin abokai biyu ce da suka sake haɗuwa. Suna tuna yadda suka yi guje-guje a kan tuddai suna tsinkar furanni, suka yi wasan rafi tun safe har lokacin cin abinci, kafin teku ya raba su. Waɗannan baitocin biyu sun fi taɓa ni, amma ba a cika rera su ba.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne furta kalmar "Syne" a matsayin "zain". "Sain" ne. Sarƙe hannuwa da masu rera ta ke yi da juna kuma sai a baitin ƙarshe.

In rubutun makaranta za ka yi, nemi tsoffin bugun a babban ɗakin karatu na ƙasar Sikotilan da ke birnin Edinburgh.